Yadda yis ke mayar da totuwar masara zailitol, da abin da ya sa masana'antu ke jan ƙafa

Tambaya: Malam, na ga an rubuta a jikin kwalin cingam cewa babu sukari a ciki, zailitol aka sa a madadinsa. Na kuma ji ana cewa ƙananan halittu irin su yis suna iya samar da shi daga tarkacen amfanin gona. Yaya ake yin haka? In kuma hanyar tana aiki, me ya hana masana'antu komawa kanta gaba ɗaya?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, ɗan'uwa. Hanyar tana aiki, kuma ba jiya aka gano ta ba. Sai dai abin da ya yi kyau a ɗakin gwaji ba lallai ne ya fitar da kuɗinsa a masana'anta ba, kuma a wannan sha'ani mafi yawan wahalar tana kafin a kai ga yis ɗin ne da kuma bayan ya gama nasa aikin.

Zailitol ɗan uwan sukari ne na kusa. Kowace ƙwayarsa tana ɗauke da kabon 5, haidirojin 12, oksijin 5. Zaƙinsa kusan ɗaya ne da na sukarin da kowa ya sani, amma kalori 2.4 yake bai wa jiki a kowane giram, alhali sukari 4 yake bayarwa, kuma ba ya harba sukarin jini sama da sauri. In ka ɗora shi a harshe za ka ji sanyi-sanyi, saboda yana zuƙe zafi sa'ad da yake narkewa. Wajen 1891 ne Emil Fischer da Rudolf Stahel a Jamus, da Bertrand a Faransa, suka fara haɗa shi. Bai yi suna ba sai da binciken Jami'ar Turku a ƙasar Finlan, a farkon shekarun 1970, ya nuna raguwar ruɓewar haƙori ga waɗanda suka ci shi a madadin sukari, aka kuma fitar da cingam ɗinsa na farko a can a 1975. Dalilin shi ne Streptococcus mutans, bakteriyar da ke kan gaba wajen cin haƙori, ba ta iya mayar da shi asid. A Tarayyar Turai lambarsa E967. Yana da nasa illolin: in ya yi yawa yana sa kumburin ciki da gudawa, ɗan kaɗan ɗinsa yana iya kashe kare, kuma wani bincike na Cleveland Clinic da aka buga a 2024 ya danganta yawansa a jini da ƙaruwar haɗarin daskarewar jini da ciwon zuciya. Wannan wata magana ce daban, mu koma kan yadda ake yin sa.

Akwai shi a wasu 'ya'yan itatuwa da kayan lambu, amma ɗan mitsitsi ne, tatso shi daga can asara ce. Saboda haka kowa daga zailos yake farawa, wani sukari mai kabon 5 da ke ɗaure cikin jikin tsirrai. Kara ko ice abu uku ne a haɗe: selulos, hemiselulos, da lignin. Hemiselulos yakan kai kashi 20 zuwa 35 cikin 100 na busasshen nauyin, kuma a totuwar masara, tuƙar rake, bambaron alkama da na shinkafa, da katakon wasu itatuwa irin su baac na ƙasashen sanyi, mafi yawansa dogayen sarƙoƙi ne na zailos da ake kira zailan. A tsinka sarƙar, zailos ya fito. Tsakanin zailos da zailitol kuwa ƙwayoyin haidirojin 2 kacal ne. Duk sana'ar ta tsaya ne kan wa zai liƙa waɗannan biyun, kuma da wane tsada.

Hanyar da masana'antu ke bi tun shekarun 1970 ita ce ta ƙarfi. Ana zuba tsabtataccen ruwan zailos a tukunyar ƙarfe mai kauri, a sa garin nikel na musamman da ke hanzarta haɗuwar, a tura iskar haidirojin da matsin da ke iya kaiwa ninki 50 na iskar da muke shaƙa, a zafin digiri 80 zuwa 140. Cikin 'yan sa'o'i an gama, kuma kusan duk zailos ɗin da ya shiga ya juya. Matsalar ita ce nikel ba ya zaɓe. Duk sukarin da ya tarar zai liƙa masa haidirojin: gulukos ya zama sobitol, arabinos ya zama arabitol. Ƙazanta kaɗan kuma tana kashe masa ƙarfi. Dole ke nan a tace zailos ɗin tas kafin ya shiga, kuma tacewar nan ce ke cinye kuɗi da kaya, har ya zama kusan kashi 50 zuwa 60 ne kawai na zailan ɗin farko ke fitowa a matsayin zailitol. Ƙasar Sin ce ke kan gaba a wannan aiki yanzu, da totuwar masara.

To, ina yis ya shigo? Akwai nau'o'in yis da ke cin zailos a matsayin abinci: Candida tropicalis, Candida guilliermondii wanda yanzu aka sauya wa suna Meyerozyma guilliermondii, Debaryomyces hansenii, Kluyveromyces marxianus, da wasunsu. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne babu ɗayansu da ya yi niyyar yin zailitol. Zango ne kawai a kan hanyarsa ta narkar da abinci. Masu aikin su ne enzayim, wato furotin da ke hanzarta sauya sinadarai a jikin halitta. Enzayim na farko, zailos ridaktes, yana karɓar haidirojin daga wani ɗan dako mai suna NADPH ya liƙa wa zailos, sai ya zama zailitol. Enzayim na biyu, zailitol dihaidirojines, yana cire haidirojin daga zailitol ya ɗora wa wani ɗan dakon daban, NAD+, sai a sami zailulos, wanda shi ne ke wucewa ciki a ƙona shi don kuzari da gina sababbin ƙwayoyin yis. In komai na tafiya daidai, zailitol ba ya ko daɗewa, yana samuwa ana wucewa da shi.

Ka ɗauki NAD+ kamar bokitin da babu komai a ciki. Enzayim na biyu ba ya aiki sai ya sami bokiti wofi da zai juye haidirojin, kuma mai zubar da cikakkun bokitan ya dawo da su wofi shi ne numfashin yis, wato iskar oksijin. In ka rage iskar, bokitai su cika su tsaya, enzayim na biyu ya rasa inda zai juye. Shi kuwa na farko bai san ana yi ba, domin NADPH ɗinsa daga wata hanya daban yake zuwa. Sai zailitol ya taru a cikin ƙwayar, ita kuma ta riƙa fitar da shi waje cikin ruwan tsimin. Abin da muke kwasa muna sayarwa ke nan: kayan da yis ya kasa ƙarasawa saboda mun shaƙe shi rabi-rabi.

Wannan ma shi ya bambanta yis ɗin da ya dace da wanda bai dace ba. Scheffersomyces stipitis, wanda aka fi sani da tsohon sunansa Pichia stipitis, gwani ne wajen cin zailos, amma enzayim ɗinsa na farko yana iya karɓar haidirojin daga NADH ma, wato cikakken bokitin nan, sai ya riƙa sauke wa na biyun kaya da kansa, hanya ba ta toshewa sosai. Shi ya sa etanol ya fi bayarwa, ba zailitol ba.

Kana iya ganin tasirin iskar da idonka da kwalabe uku na gwaji masu girma ɗaya, ruwan zailos ɗaya, yis ɗaya, a kan injin girgizawa ɗaya. Ta farko ka zuba ruwa kaɗan a gindinta, yadda zai riƙa fantsama yana shan iska. Ta biyu ka cika ta ya wuce rabi. Ta uku ka toshe bakinta ruf. Bayan kwana biyu ko uku, ta farko ta yi kauri ta yi fari-fari da yawan yis, zailos ya ƙare, amma in ka auna zailitol ɗan kaɗan ne, domin yis ya cinye ya yi ƙiba. Ta uku kusan yadda ka bar ta, zailos na nan kwance, domin waɗannan nau'o'in ba sa iya girma a kan zailos in babu iska sam. Ta tsakiyar, wadda ba ta burge ido ba, ita ce ke ɗauke da kayan. Tazarar da ke tsakanin "iska ta yi yawa" da "iska ta yi kaɗan" ƙarama ce ƙwarai, kuma kowane yis da tasa.

A tankin tsimi akan raba aikin biyu. Da farko a buɗe iska sosai yis ya hayayyafa, sannan a rage ta a shiga lokacin tara zailitol, a zafin da bai wuce digiri 30 ko kusa da haka ba, ruwan kuma mai ɗan tsami, pH (ma'aunin tsami, yana sauka in tsami ya ƙaru) wajen 5 zuwa 6. Wani abin da ke ba sababbin shiga mamaki shi ne a kashi na biyun, na'urar auna oksijin da ke cikin ruwan kusan sifili take nunawa ko da yaushe, domin yis yana zuƙe iskar tun tana shiga. Na'urar ba ta da sauran amfani a lokacin da aka fi bukatarta. Sai dai ka sarrafa saurin juyawar fanka da yawan iskar da ake hurawa, ko ka auna iskar da ke fita daga tankin. In aka koma tanki mai ɗaukar dubban lita, abin ya ƙara cakuɗewa: kusa da fanka iska ta wadata, can gefe babu, ƙwayar yis ɗaya tana zagayawa tsakanin yalwa da ƙunci cikin daƙiƙu. Sakamako mai kyau da yawa a nan yake zubewa.

Ga lissafin riba. Nauyin mol ɗaya (ma'aunin adadin ƙwayoyin sinadari) na zailos giram 150 ne, na zailitol 152, saboda haka in da kowace ƙwaya za ta juya, giram 1 na zailos zai ba da giram 1.01. Amma yis ɗin da zailos kaɗai yake ci dole ya ƙona wani ɓangare don ya sabunta NADPH, wannan ya sauko da iyakar zuwa wajen 0.917. Sannan ga girman jikinsa da sauran bukatunsa. A aikace, da tsabtataccen zailos akan sami 0.7 zuwa sama da 0.8, da ruwan da aka tatso daga tarkace kuma yawanci ƙasa da haka. Yawan zailos a farkon tsimin yana taimakawa. Giram 100 ko fiye a lita ya fi giram 20 ba da sakamako nesa ba kusa ba, har zuwa inda yawan sukarin zai fara zuƙe ruwan jikin yis ɗin.

A nan ne wahalar farko take. Don a ɓalle zailos daga totuwa ko tuƙa, ana dafa garinsu da asid ɗin salfa da aka tsarma sosai, kashi 1 ko 2 cikin 100, a zafin digiri 120 ko sama, na rabin sa'a zuwa sa'a guda. Abin da ke fitowa ruwa ne ja-ja mai duhu, yana warin ƙonannen sukari da tsami mai hawa hanci. Zailos ɗin da ke ciki yawanci giram 15 zuwa 30 ne a lita, tare da guba iri-iri da dafuwar kanta ta haifar. Zafi da asid sun mayar da wani ɓangaren zailos fafural, wani ɓangaren gulukos kuma wata gubar da ake kira HMF. Asetik asid ya ɓalle daga jikin hemiselulos, kuma shi ne makirin cikinsu: in pH ya yi ƙasa da 4.8 yawancinsa yana ratsa fatar ƙwayar yis kai tsaye, ya tsamar da cikinta, ita kuma ta ƙarar da kuzarinta wajen fitar da shi. Lignin ya saki sinadaran fenol, waɗanda ɗan kaɗan ɗinsu ke lalata fatar ƙwayar. In ka zuba yis cikin wannan ruwa yadda yake, musamman bayan an kafe shi don ya yi kauri, sai ya yi shiru kwana da kwanaki ko ya mutu.

Saboda haka sai an wanke gubar. Ana kafe ruwan a ƙarƙashin ƙaramin matsi, fafural da wani ɓangaren asetik asid su tafi da tururi, amma fenol yana nan yana ƙara kauri tare da sukarin. Ana zuba farar ƙasa har pH ya kai wajen 10, a ga farin laka yana kwantawa a ƙasa, sannan a sauko da shi, a tace. Ana kaɗa garin gawayi na musamman a ciki, ruwan da ya shiga ja-ja ya fito ruwan ɗorawa mai haske. Wasu su ƙara da wuce shi ta cikin ƙwayoyin resin masu kama gishiri da asid. Kowane mataki yana aiki, kowanne kuma yana tafiya da nasa rabon zailos, yana kuma barin sharar da sai an biya a zubar. A ganina a nan ne masu tallar wannan hanya suke wuce gona da iri in suka ce ba ta bukatar tacewa. Tana bukata, sai dai ba kamar ta nikel ba. Dabarar da ta fi arha ita ce horar da yis ɗin: a riƙa shuka shi a ruwan da ake ƙara wa guba sannu a hankali, zuri'a bayan zuri'a, har ya saba. Ana kuma iya sassauta dafuwar, a bar enzayim na zailanes ya ƙarasa tsinka sarƙoƙin, guba ta ragu, amma enzayim ba kyauta ba ne.

Masu gyaran ƙwayoyin gado sun ɗauki matsalar ta wani ɓangare. Sun ce maimakon a tsaya wasa da iska, a cire enzayim na biyun gaba ɗaya, ko a kai na farkon cikin halittar da ba ta iya cin zailos sosai. A 1991, masu bincike da suka haɗa da Bärbel Hahn-Hägerdal ta Jami'ar Lund a Suwidin suka dasa ƙwayar gadon XYL1, mai samar da enzayim na farko, ta Pichia stipitis cikin Saccharomyces cerevisiae, yis ɗin burodi, suka sami juyawar da ta kai kashi 95 cikin 100. A 2006 wasu a Koriya ta Kudu suka kashe XYL2, ƙwayar gadon enzayim na biyu, a Candida tropicalis, suka ciyar da shi giliserol, sakamakon ya kusa cika 100. An yi irin haka da bakteriyar Escherichia coli. Fa'idar a fili take: tunda yis ɗin ba zai iya cin zailitol ba, buɗe iska ba ta da illa. Amma yanzu sai ka ba shi wani abinci daban da zai rayu da shi ya kuma sabunta NADPH. In gulukos ne, ga wani tarko: yis ɗin burodi ba shi da ƙofar shigar zailos ta musamman, ta ƙofofin gulukos yake shiga, su kuma gulukos suka fi so. In ka zuba gulukos da yawa, zailos ya tsaya a waje. In ka rage ƙwarai, NADPH ya yanke. Dole a riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan tsawon lokacin tsimin. An kauce wa wasa da iska, an koma wasa da gulukos, kodayake wannan ya fi sauƙin aunawa.

Komawa ga yis ɗin burodi tana da wani dalilin kuma. Candida tropicalis, duk da ƙwazonsa, yana cikin masu haddasa cuta ga mutanen da garkuwar jikinsu ta yi rauni, kuma hukumomin abinci ba sa sakin jiki da shi. Debaryomyces hansenii da Kluyveromyces marxianus sun fi samun karɓuwa don an daɗe ana tarar da su a cuku da kayan madara.

Akwai masu cewa a bar zailos baki ɗaya a fara daga gulukos, tunda ya fi arha da tsabta. Onishi da Suzuki a Japan sun nuna hakan tun 1969, da halittu uku a jere: gulukos zuwa arabitol, arabitol zuwa zailulos, zailulos zuwa zailitol. Abin da ya fito kaɗan ne, kuma har yau hanyar ba ta kamo ta zailos ba.

Wahala ta biyu tana bayan tsimin. Abin da ke hannunka ruwa ne mai launi, ɗauke da ƙwayoyin yis, furotin, gishiri, ragowar sukari, ɗan giliserol, da zailitol wanda wataƙila bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba. Kasuwa kuwa farin gari take so mai tsabtar kashi 98.5 ko sama. A ware yis, a sake bi ta gawayi da resin, a kafe ruwa mai yawan gaske, sannan a sanyaya a hankali a jefa 'yan ƙwayoyin zailitol su zama iri. Zailitol yana son ruwa ƙwarai, kuma in akwai ƙazanta sai ka ga ruwan ya yi kauri yana yauƙi, ya ƙi daskarewa ko da an bar shi kwanaki. Babban mai ɓata aiki shi ne arabitol. Hemiselulos na ciyayi yana da arabinos, enzayim na farko kuma ba ya bambanta shi da zailos sosai, sai ya mayar da shi arabitol, wanda nauyinsa da siffarsa kusan ɗaya ne da zailitol, raba su sai da na'urori masu tsada. Shi ya sa ƙungiyar Huimin Zhao a Jami'ar Illinois ta Amurka ta ɗauki enzayim ɗin Neurospora crassa ta yi ta sauya shi har ya fi karkata ga zailos. Wani abin lura kuma, abincin da aka ƙara wa yis don ya yi ƙwazo a tanki, irin su tatsattsen ruwan yis da feftón (narkakken furotin), shi ne ke dawowa ya zama ƙazanta a wannan mataki, bayan tsadarsa ta farko.

In ka haɗa waɗannan za ka ga dalilin jan ƙafar. Tukunyar nikel sa'o'i take ɗauka, tankin yis kwanaki. Masana'antun nikel an riga an gina su, an ci kuɗinsu, ma'aikata sun ƙware. Hanyar yis ta tsere wa matsi da zafi da haɗarin iskar haidirojin, ta kuma rage tacewar farko, har yis yana cinye gulukos ɗin da ya gauraya ya sauƙaƙa wani ɓangaren aikin, amma kuɗin da aka tsira da shi a gaba yakan dawo a tururin kafe ruwa da tacewar ƙarshe. Inda nake ganin tana da makoma shi ne a jikin wata masana'antar da ta riga ta biya kuɗin dafa karan: mai yin etanol daga selulos, ko mai yin ɓawon takarda da zare daga katako, inda ruwan hemiselulos yake fitowa a matsayin rara. Tunanin da ya sa ma'aikatar makamashi ta Amurka ta sa zailitol cikin sinadarai 12 mafi daraja da za a iya samu daga tsirrai a rahotonta na 2004 ke nan.

In kana karanta rahoton wani bincike a kan wannan, kada adadin "kashi kaza cikin 100" ya ruɗe ka shi kaɗai. Duba ko da zailos na kwalba aka yi ko da ruwan tarkace na gaske, giram nawa aka tara a lita a ƙarshe, giram nawa a lita a kowace sa'a, nawa aka kashe na abincin gefe, da kuma ko sun kai ga fitar da farin garin a hannu ko a ruwan tanki suka tsaya da awo. Da yawa a ruwan tankin suke tsayawa.